Bayan An Sallami Yaro, Wa Ke Jin Labarinsa?

A asibitocin gundumomin Tasawa da Mayayi, kamar sauran na jihar Maraɗi, aiki kan kai maƙura ne daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka. Rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai iso ba, sauro ya cika gari, sai tamowa da zazzaɓin cizon sauro su haɗu a jikin yaro guda. A irin wannan lokaci babu abin da ya kai gado wuyar samu a ɗakin yara, kuma kowace safiya sai an yanke hukunci: wannan ya tafi gida, wancan ya ƙara kwana. Babban likita ne ke sa hannu a takarda idan yana nan. Amma wanda ya kwana a kan yaron, ya auna shi, ya ga yadda ya karɓi madara da tsakar dare, ya kuma ji abin da uwarsa ke faɗi ƙasa-ƙasa, malamin jinya ne. A asibitocin karkara na CSI kuwa, su Urafan, Korgom, Kanambakashe ko Isawan, galibi majo, wato shugaban malaman jinyar wurin, shi ne wuƙa, shi ne nama.

Sai dai wanda ya yi sallama ba ya jin labarin wanda ya sallama. An rubuta a rajista cewa yaro ya warke, uwa ta goya shi ta hau amalanke ko babur, magana ta ƙare. Idan bayan mako uku ciwo ya dawo, ƙila wani asibitin za a kai shi, ko wajen mai maganin gargajiya. Idan kwana ya ƙare, a ƙauye za a yi masa sutura, a yi wa iyaye gaisuwa, babu takardar da za ta koma asibiti. Malamin jinya zai iya yin shekaru yana sallamar yara bai taɓa rarrabe sallamar da ta yi daidai da wadda aka yi gaggawa ba. Wuri guda da ake toshe wannan kafa shi ne bincike, domin bincike ba ya yarda yaro ya ɓace, dole a bi shi har gida a rubuta abin da ya same shi. Shi ya sa nake ganin hanya mafi kusa ta gyara sallama a Tasawa da Mayayi ita ce a shigar da malaman jinya cikin bincike tun daga tambaya har zuwa amsa, a kuma riƙa mayar musu da labarin yaran da suka sallama.

Mu tuna yadda aka taho. A da, yaron da tamowa ta ci ƙarfinsa akan kwantar da shi wajen wata guda ana ba shi madarar magani, uwarsa na zaune gefen gado, ta baro gona, ta baro miji da sauran 'ya'ya. Da yawa ba sa iya kaiwa ƙarshe. Sukan saɓa ɗansu da asuba su kama hanya, a rubuta a rajista cewa sun gudu. Yunwar 2005 ce ta karya wannan tsari. Yara suka yi yawan da babu asibitin da zai ɗauke su, sai ƙungiyar likitoci ta MSF ta dogara da abincin magani na gyaɗa, Plumpy'Nut, wanda mata ke kira biskit, ɗan ƙunshi mai giram 92 da ba ya bukatar ruwa ko wuta. A shekarar kaɗai ta yi jinyar yara fiye da 60,000 a Nijar, akasarinsu a jihar Maraɗi, kuma mafi yawansu a ɗakin uwayensu suke kwana, ana kawo su awo mako-mako. A lokacin ne ƙungiyar Save the Children ta shigo Tasawa, ita kuwa ƙungiyar ACF ta daɗe tana aiki a Mayayi. A 2007 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da Hukumar Abinci ta Duniya suka amince da jinyar tamowa a gida, kuma abin da aka gani a Maraɗi, tare da na Habasha da Malawi, yana cikin hujjojin da suka kai su ga haka.

Tun daga nan sallama ta zama hawa biyu. Yaron da ya zo a galabaice, ba ya cin abinci ko yana fama da wata cutar, akan kwantar da shi a CRENI, ɗakin jinyar tamowa na asibitin gunduma. Da zarar cin abincinsa ya dawo, kumburi ya fara sauka, ciwon da ya kwantar da shi ya lafa, sai a tura shi CRENAS, sashen jinyar tamowa a gida na CSI mafi kusa da garinsu, ya ci gaba da karɓar biskit. Daga can ne ake yi masa sallama ta ƙarshe. Kowane hawa yana da ƙa'ida, kuma ƙa'idojin nan sun sha gyara.

Ɗauki misali guda. An daɗe ana cewa a sallami yaro idan nauyinsa ya ƙaru da kashi 15 cikin 100 na nauyin da ya zo da shi. A takarda abin ya yi kyau. Amma yi lissafi. Yaron da ya zo da kilo 5, ƙarin giram 750 ya ishe shi cika sharaɗi. Wanda ya zo da kilo 8 sai ya ƙara kilo 1 da giram 200. Wato wanda ya fi ramewa, wanda ya fi kusa da halaka, shi ke riga kowa barin shiri, sau da yawa damtsensa bai ma fita daga ja a zaren awo ba. Daga rajistocin jinya na ƙasashe irin su Burkina Faso da Sudan aka gano wannan karkata, rajistocin da malaman jinya suka cika da hannunsu. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a bar wannan ma'auni. Aka koma duba ko kaurin damtse ya kai milimita 125, ko nauyi ya daidaita da tsawo, kuma kumburi ya yi aƙalla mako biyu da ɓacewa. Shekaru aka yi ana sallamar yara da ƙa'idar da ke da rami, kuma waɗanda ke aiki da ita kullum ba su da hanyar gani, tunda babu mai dawo musu da labari.

Girman abin da ke faruwa bayan sallama ya fito fili a 2022, lokacin da wani haɗin gwiwar masu bincike mai suna CHAIN ya fitar da sakamakonsa. Sun bi yara 3,101 'yan wata 2 zuwa 23 da aka kwantar a asibitoci tara na ƙasashe shida, har da asibitin Banfora a Burkina Faso. Yara 350 suka rasu, kuma kashi 48 cikin 100 na waɗannan sun rasu ne bayan an sallame su, cikin wata shida. Wato kusan kowane yaro guda da ya cika a gadon asibiti, akwai ɗan'uwansa da ya cika bayan an ce masa Allah ya ƙara sauƙi. Binciken ya nuna cewa ramar yaro da halin da uwarsa take ciki suna da hannu sosai a wannan mutuwa ta baya. Ba a Nijar aka yi shi ba, amma wanda ya san nisan da ke tsakanin ƙauyukan arewacin Mayayi da asibitin gunduma ba zai ce mu mun tsira ba.

Wani zai ce, ai gogaggen malamin jinya da ido ma ya san yaron da ba zai yi ƙarko ba. Ina ma haka ne. A Darussalam ta Tanzaniya da Monrobiya ta Laberiya an tambayi ma'aikatan asibiti, a ranar sallama, su kimanta wane yaro ne ke cikin haɗarin rasuwa a gida, sannan aka bi yaran. Kimantawar ba ta dace da abin da ya faru ba. Wannan ba abin kunya ba ne ga kowa. Ƙwarewa tana zuwa ne idan mutum ya yi aiki ya ga sakamakonsa, ya gyara. Mai sallama shi kaɗai ne a asibiti aka hana wa ganin sakamakon aikinsa.

Abin farin ciki, jihar Maraɗi ba baƙuwar bincike ba ce. Tun 2009 cibiyar Epicentre, sashen binciken MSF, take da mazauni a birnin Maraɗi. A Madarumfa aka gwada allurar ɗigo ta rigakafin zawon yara mai jure zafi, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2018. A Madarumfar dai, tsakanin 2012 da 2013, aka raba yara kusan 2,400 masu tamowa gida biyu, aka ba rabi amoksisilin, rabi aka ba su abin da ya yi kama da shi amma babu magani a ciki. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna babu wani bambancin kirki wajen warkewa daga tamowa, ko da yake waɗanda suka sha maganin sun ɗan fi tsira daga kwanciya a gadon asibiti. A Mirya ta jihar Damagaram, ƙungiyoyin ALIMA da BEFEN suka koya wa uwaye fiye da 12,000 auna damtsen 'ya'yansu da ɗan zaren nan mai ja da rawaya da kore, sai aka ga yara suna isowa asibiti da wuri, waɗanda sai an kwantar kuma suka ragu. A Mayayi kanta, tsakanin 2018 da 2019, ACF da hukumomin lafiya suka gwada barin ma'aikatan ƙananan ɗakunan shan magani na ƙauyuka su yi jinyar tamowar da ba ta haɗu da wata cuta ba, maimakon uwa ta riƙa takawa zuwa CSI kowane mako. Warkewa ba ta yi baya ba, kuma yaran da jinya ta kai gare su suka ƙaru. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda da irin wannan tsari, muddin akwai horo da sa ido.

Kada a ɗauka kullum bincike yakan gaskata abin da muke so. A jihar Sakkwato an gwada mayar da awon mako-mako ya koma na wata-wata, don a rage wa uwaye wahalar hanya, a rage wa ma'aikata cunkoso. Shawara ce da kowa zai yi na'am da ita a zaune. Da aka bi yaran, sai aka tarar warkewa ta ragu a ɓangaren wata-wata. Da ba a auna ba, da an ɗauki tsarin da kyakkyawar niyya, yara su biya kuɗinsa.

To me shiga irin wannan aiki ke yi wa malamin jinya? Bincike yakan tilasta masa abubuwan da aikin yau da kullum ba ya ba shi sarari ya yi. Dole ya auna damtse a wuri guda, da hanya guda, wani ya sake aunawa a gwada. Dole ya rubuta sunan ƙauye da unguwa da gidan da za a samu yaron. Idan uwa ba ta zo ranar awo ba, ba a rubuta "ta gudu" a rufe shafi, sai an je an gano dalili. A nan ne yake jin abin da rajista ba ta taɓa faɗa masa ba: gulbi ya kawo ruwa ya raba su da hanya, maigida ya tafi ci-rani ba wanda zai ba ta izinin fita, kishiya ta haihu, biskit ɗin yaro guda yara huɗu ke rabawa domin uwa ba za ta iya ci da ɗaya sauran na kallo ba. Wanda ya ji waɗannan sau goma, sallamarsa ba za ta sake zama yadda take ba. Kafin ya miƙa takarda zai tambaya: "Uwar yaro, wa zai kawo ki ranar awo? Tafiyar awa nawa ce? Yara nawa ke jiran ki a gida?" Zai ce ta maimaita masa da bakinta alamun da in ta gani ba za ta jira safiya ba: ƙin nono ko abinci, numfashi sama-sama, zafin jiki, suma, kumburin ƙafa. Zai sa mata zaren awo a hannu, ya ga ta ɗaura da kanta. Idan uwa ta matsa, tana cewa "Malam, don Allah a sallame ni, na baro yara ba mai duba su", ba zai ɗauke ta mai taurin kai ba, zai nemi yadda za a haɗa ta da ma'aikacin lafiyar garinsu kafin ta fita. Tun 2006 gwamnati ta ɗauke wa yara 'yan ƙasa da shekara biyar kuɗin magani, amma kuɗin mota da ranakun noman da uwa ta rasa ba su cikin wannan rangwame, kuma malamin jinyar da ya taɓa bin yaro gida ya san nauyinsu.

Duk da haka akwai abubuwa uku da ke hana wannan alheri zaunawa, kuma gara a faɗe su.

Na farko, a mafi yawan lokuta malamin jinya hannu ne kawai a bincike. An tsara tambaya a Yamai ko Faransa ko Amurka, an kawo masa takardu ya cika, an kwashe an tafi. Bayan shekara biyu ko uku sakamako ya fito da Ingilishi a mujallar da ba zai taɓa gani ba. Shi da ya auna yaran, ta bakin wani baƙo zai ji abin da aka gano, idan ma ya ji. Alhali mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Da an tambayi majo na Hawandawaki ko Gidan Amumun abin da ke hana shi barci, da an samu tambayoyin da babu wanda zai tuna da su daga nesa: shin yaron da aka sallama ranar kasuwa, lokacin da ake samun mota, ya fi dawowa awo? Shin wanda aka ƙara wa jini saboda zazzaɓi, me ke samunsa wata biyu bayan nan? Wannan ta biyun tana da tushe, domin gwaje-gwajen Kenya da Yuganda da Malawi sun sa Hukumar Lafiya ta Duniya a 2022 ta ba da shawarar a riƙa ba irin waɗannan yara maganin kariya daga zazzaɓi bayan sallama. Yadda hakan zai zauna a ƙasar da zazzaɓinta na damina ne, kuma tana da nata rabon maganin kariya na wata-wata, tambaya ce da mu ya kamata mu amsa.

Na biyu, bincike yana da ranar ƙarewa. Muddin ana yin sa akwai babur, akwai mai, akwai kuɗin waya, akwai ƙarin ma'aikata. Ranar da aka naɗe tabarma duk su tafi, a bar malamin jinya da sanin abin da ya kamata ya yi da rashin abin yin sa. Wannan ya fi rashin sani ciwo. Yanzu da tallafin waje ke ja baya, musamman tun da Amurka ta datse kuɗin agajinta a farkon 2025, duk tsarin da ba zai iya tsayawa da ƙafar gunduma ba, ba namu ba ne.

Na uku, akwai batun amana. Uwar da ɗanta ke kwance ba ta iya ce wa mai yi masa allura a'a. Idan shi ne kuma ya zo da takardar neman yardarta ta shiga bincike, za ta dangwala yatsa ko ba ta fahimta ba. Ya kamata mai neman yarda ya zama daban da mai jinya, a yi bayani da Hausa, ko Fulatanci ko Tamashek ga masu jin su, a kuma faɗa mata ƙarara cewa ko ta ƙi ba abin da za a rage wa ɗanta. Haka nan kuɗin alawus da bincike ke kawowa kan raba kan ma'aikata, wanda ya samu ya karkata ga yaran bincike, wanda bai samu ba ya zuba ido. Littafin da Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka fitar a 2003 kan zaman doya da manja tsakanin ma'aikatan asibiti da marasa lafiya a manyan biranen Afirka ta Yamma biyar, har da Yamai, ya isa ya tuna mana cewa amanar nan ba ta da yawan da za a yi wasa da ita.

Na san abin da za a ce: mutumin da ke duba yara da dama a yini, ga haihuwa, ga rigakafi, ga rahoton ƙarshen wata, ina ya ga lokacin bincike? Gaskiya ne, kuma duk wanda zai ɗora masa sabuwar takarda sai ya sauke masa wata. Amma abin da ake bukata ba shi da yawa. A Yuganda, inda aka gano cewa wajen yaro 1 cikin 20 da aka kwantar saboda cuta mai tsanani yakan rasu cikin wata shida bayan sallama, shirin Smart Discharges ya taƙaita aikin: malamar jinya ta duba 'yan alamu kaɗan, su kaurin damtse da yawan iskar da ke cikin jini, ta ware yaran da suka fi haɗari, ta zauna da uwayensu, ta tura su a duba su kusa da gida cikin makonni biyun farko. Ba duk yara ake bi ba, waɗanda suka fi bukata ake bi.

Ga abin da nake roƙo. Hukumomin lafiya na gundumomin Tasawa da Mayayi su buɗe littafin bibiya: duk yaron da ya fita daga CRENI a rubuta garinsu, lambar wayar da za a samu gidan, da sunan ma'aikacin lafiya ko ɗan sa-kai na ƙauyen. A nemi labarinsa bayan mako guda, bayan wata guda, bayan wata uku. A taron wata-wata na gunduma a karanta wa malaman jinya abin da ya samu yaran da suka sallama, ba don neman mai laifi ba, domin ranar da abin ya zama tuhuma, ranar za a fara ɓoye gaskiya. Magadan gari su sa kuɗin waya da man babur na wannan aiki a kasafinsu, ba zai kai kuɗin buki guda ba. Duk ƙungiyar da ta zo da bincike a gindaya mata sharaɗi: ta zauna da malaman jinya kafin ta rufe tambayoyinta, ta sa sunayen waɗanda suka yi aikin a cikin marubuta, ta kuma dawo ta faɗi sakamako da Faransanci da Hausa a CSI ɗin da aka yi aikin, gaban ma'aikata da uwaye da masu gari. Makarantun koyon aikin lafiya na Yamai da Damagaram, da Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, su koya wa ɗalibai yadda ake tsara ƙaramar tambaya a amsa ta da rajistar da ke gabansu.

Ku kuma malaman jinya, kada ku jira sai an zo da mota mai tambari. Ku fara da yara goma na ƙarshe da kuka sallama, ku nemi labarinsu, ku kai abin da kuka ji taron gunduma. Iyaye maza, idan an sallami ɗanku aka sa masa ranar komawa, ku ba uwarsa izini da kuɗin mota tun kafin ta roƙa. Jinyar yaro ba ta ƙare ba sai an tabbatar yana raye, yana ci, wata uku bayan ya bar asibiti. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kuma saka wa masu kwana a kansu da alheri.